Wankan Gida a Hay el-Sabi'

Duk wanda ya taɓa zama a taron ranar Litinin na asibitin cocin nan da ke unguwar Hay el-Sabi' ya san Mama Rifkatu ba ta iya shiru ba. Ungozoma ce, Bahaushiya 'yar ƙasar Malumfashi, wadda cocinsu na gida ya turo Alƙahira shekara shida da suka wuce don ta yi wa matan 'yan gudun hijira hidima. Larabcinta na kasuwa ne, Turancinta na asibiti, amma in ta tashi faɗa da kowanne take yi, kuma kowa yana ganewa. Mijinta ya daɗe da rasuwa, 'ya'yanta uku duk sun girma a gida. Hotunansu na kan teburinta, kullum tana ba da labarin Lidiya da Yohanna, babban kuwa in an tambaye ta sai ta ce wancan yana Zariya yana koyarwa, ta kama wani zancen.

Asibitin ɗaki huɗu ne a ƙasan ginin cocin, ma'aikatansa kowa da inda ya fito. Dakta Eman Bakibɗiya ce, wato Kiristar Misira, 'yar unguwar Shubra, fastonsu ɗan Sudan ta Kudu, mai ba da magani 'yar Eritiriya, sai Sun-hi 'yar Koriya, wadda ke bin gidaje tana duba halin da mata da jarirai suke ciki. Da safe kowa ya yi addu'a da harshensa, a ce amin tare, a buɗe ƙofa. Yawancin masu shigowa Musulmi ne, kuma ba a taɓa tambayar wani addininsa kafin a auna shi ba. Rifkatu na alfahari da wannan, ba ta kuma ɓoyewa.

A wannan Litinin ɗin Sun-hi ce ta kawo magana, da takardunta a jere kamar kullum. Wata matashiya ce mai suna Malaz, wadda yaƙi ya koro daga garin Wad Madani na ƙasar Sudan, ta haihu kwana goma sha tara da suka wuce. An haifi yaron da kilo uku, yanzu ya koma biyu da ɗigo bakwai, ya kuma ƙi tashi. Sau uku Sun-hi tana zuwa gidan da takardar tambayoyinta. Uwar tana kallon jaririn? Ba ta kallo. Tana kiran sunansa? Ko sau ɗaya. Tana yi masa wasa? Ba ta yi. Da aka ce ta ba shi nono a gani, sai ta juya fuska bango ta yi kamar ba da ita ake ba. Sun-hi ta ce ranar Alhamis za ta aika rahoto wa ƙungiyar da ke kula da yaran 'yan gudun hijira, su kuma in sun ga irin wannan rahoton ɗauke yaron suke yi su kai shi riƙo, a tura uwar wajen likitan ƙwaƙwalwa.

Kada wani ya ɗauka Sun-hi muguwa ce. Shekara biyu baya ta ga wata mai jego da ciwon damuwa ya kama, ta ce bari ta ƙara mata mako guda, kafin makon ya cika aka binne jaririn. Tun daga ranar ba ta sake cewa bari ta jira ba, kuma duk asibitin babu wanda ya ga laifinta.

Rifkatu ta miƙa hannu ta jawo fayil ɗin. Ta tambaya ko haihuwar fari ce, aka ce e. Ta tambayi abin da uwar ke kiran yaron, Sun-hi ta duba takarda ta ce "yaron nan" kawai take cewa. Ta tambayi wanda ke ɗakin duk lokacin da aka je, aka ce uwar mijinta. Sai idonta ya sauka kan sunan tsohuwar, Husaina Garba, ta buga tebur har shayin Dakta Eman ya zube. Wane Balarabe ne ya taɓa sa wa ɗansa Garba? Waɗannan Hausawan Sudan ne, jikokin waɗanda suka tafi hajji a ƙafa suka yada zango ba su koma ba. Don sun iya Larabci aka rubuta su 'yan Sudan aka wuce, shi ya sa ba wanda ya kira ta.

Nan ta zauna ta yi musu karatu. Ta ce wannan ba ƙiyayya ba ce, kunyar ɗan fari ce. Mace mai tarbiyya ba ta kiran sunan ɗanta na fari, ba ta yi masa wasa a gaban mutane, balle a gaban uwar miji. Duk inda Sun-hi ta sa alamar laifi, a garinsu nan ake yaba yarinya a ce ta fito gidan mutunci. Tana magana kanta na ƙara fasuwa, don dama ta daɗe tana jiran ranar da takardun nan na ƙasar waje za su zo hannunta.

Sun-hi ta bari ta gama tsaf, sannan ta ce a hankali, "Na ji, Mama. To sikelin fa? Shi ma kunya yake ji?"

Rifkatu ta sake duba awon yaron a cikin fayil ɗin. Gaskiya ce, kunya ba ta ramar da yaro a Malumfashi, to me ya sa take ramar da shi a nan? Ta roƙi a ba ta zuwa Alhamis, Dakta Eman ta ce tamam.

Washegari ta hau mikrobas, ƙaramar bas ɗin haya, zuwa unguwar Hay el-Ashir. Gidan a hawa na biyar yake, ba lifta, kuma tun a hawa na huɗu ta tarar da wata tsohuwa zaune kan matakala, gwiwoyinta a kumbure, tana jan carbi. Rifkatu ta ce, "Sannu da hutawa, Hajiya. Ina gajiya?" Tsohuwar ta ɗago kai ta yi mata kallon wanda ya ga ɗan'uwa a tashar mota. Ta amsa da wata Hausa tsohuwa mai gauraye da Larabci, irin wadda Rifkatu ta rabu da ji tun kakarta na da rai. Sai kuma idonta ya kai kan ƙaramin gicciyen da ke wuyan baƙuwar, murnar ta ɗan ja baya. Ita ce Hajiya Husaina, uwar mijin Malaz.

Ɗaki ɗaya ne da falo, mutum tara a ciki. Akwai yayyen mijin biyu da iyalansu, shi kuwa mijin, Ukasha, yana aiki a wata masaƙa a wajen gari, sai ranar Juma'a yake zuwa. Malaz na zaune a kusurwa a lulluɓe, jaririn na kwance nesa da ita kaɗan yana wani kuka marar ƙarfi, ita kuma ta ƙura wa bango ido. Rifkatu ba ta tambaye ta komai a nan ba. Ta ce aikin ungozoma za ta yi, ta ja ta da jaririn zuwa kicin, ta rufe ƙofa ta jingina bayanta a jiki.

Da ta ɗaga mayafin sai ta ga gaban rigar a jiƙe sharkaf, nonon ya cika har ya yi tauri. Ta tambaye ta da Hausa inda take shayar da shi. Malaz ta ce a banɗaki, a tsaye, kuma kafin ya kama sosai wani ya ƙwanƙwasa, don banɗakin ɗaya ne. Mahaifiyarta ta rasu a hanya kafin su tsallako iyaka, da tana da rai da wajenta za a kai ta wanka.

"Ina jin kukansa har cikin ƙashina, ya Mama," in ji ta. "Amma yaya zan buɗe jikina a gaban Hajiya da yayyensa? Su ce 'yar wa ce wannan?"

Tausayi ya kama Rifkatu, haushi kuma ya biyo baya, ba ta ma san wa take jin haushi ba. A nan ta gane inda abin ya karye. Waɗanda suka kafa kunyar ɗan fari ba su bar ta haka kawai ba, sun haɗa ta da wankan gida, mace ta koma ɗakin uwarta kwana arba'in, inda ba suruki ba idon kowa. Yaƙi ya cinye gidan da uwar, ya bar wa yarinya kunyar ita kaɗai ta ɗauko ta har hawa na biyar. Tsohuwar ma da ke zaune a matakala da ciwon gwiwa ba iska take sha ba, fili take ba surukarta, ita ma kunya ta hana ta faɗa.

Ranar Laraba Rifkatu ta bi ta kasuwar Ataba wajen wani ɗan Damagaram mai kawo kayan gida, ta samo goro mai kyau, ta ɗaura atamfarta ta zuwa coci. Ba ta zo da jakar asibiti ba. Ta shiga falon ta durƙusa har ƙasa a gaban Hajiya Husaina, da girmanta da furfurarta, ta ajiye goron.

"Hajiya, yau ba daga asibiti nake ba. Daga gidan su Malaz nake. Na zo roƙon 'yata, ku ba ni ita ta zo wankan gida, in ta yi arba'in in dawo muku da ita da kaina."

 Babban yayan mijin ya fara cewa ai gidan Kirista ne, uwarsa ta ɗaga masa hannu ya yi shiru. Ita da kanta ta yi tambayar, ba ta kewaya ba, ta ce sallar yarinyar fa in jini ya ɗauke, da abin da za a riƙa faɗa a kunnen jikanta? Rifkatu ma ba ta kewaya ba. Ta ce gicciyen da ke bangonta ba za ta sauke ba, addu'arta ta safe ba za ta fasa ba, don saboda Almasihu ta baro ƙasarta ta zo nan. Amma a gidanta babu namiji, tukunyarta ba ta taɓa ganin abin da Hajiya ba za ta ci ba, a saman benensu kuma akwai ɗalibai mata 'yan Nijar masu karatun addini da za su nuna alƙibla. Ta ce yadda aka ba ta yarinya haka za ta dawo da ita, sai dai ƙarin ƙiba.

Hajiya Husaina ta ɗauki goro ɗaya tana jujjuyawa. Ta ce tun ranar suna take roƙon Allah ya kawo wanda zai zo ya yi mata wannan roƙon, ba ta dai zaci ta wannan ƙofar zai shigo ba. Ta fasa goron, ta miƙa wa Rifkatu rabi, ta sa a kira Ukasha a waya a gaya masa.

Sun-hi ba ta yarda da sauƙi ba, kuma da ta yarda da sharaɗi ta yarda. Kwana goma za ta riƙe rahoton. In yaron bai koma nauyin haihuwarsa ba, za ta aika. Rifkatu da bakinta ya riga hankalinta ta ce in haka ta faru ita da kanta za ta goya shi ta kai musu. Sai da ta fito waje ta tuna cewa ta durƙusa a gaban tsohuwa ta yi alkawarin dawo da uwa da ɗa.

Ta ba Malaz ɗakin baƙi, ta kafa doka cewa ba mai shiga sai ya ƙwanƙwasa sau uku ya yi gyaran murya, har ita mai gidan. Safe da yamma ta dafa ruwa da ganyen turare da mai gadin benen ke tsinko mata, ta yi mata wankan jego. Dakta Eman ta ja kunnenta kan kunun kanwa da ruwa mai ƙuna, Rifkatu ta ce ba sai an gaya mata ba, ta ga matan da hakan ya kumbura wa zuciya tun tana sabuwar ungozoma, kunun gyaɗa za ta dama. Ba ta ankara ba gidan ya zama wurin gasa. Dakta Eman ta kawo mugat, wani kunu mai maiƙo da Misirawa ke ba masu jego, ta rantse babu kamarsa. Mai ba da magani ta kawo tuwon Eritiriya da rami a tsakiya cike da man shanu da yaji. Faston ya aiko matarsa da kifi, shi ya tsaya a ƙasa don an ce maza ba sa hawa. Kowace ta tabbata na ƙasarsu ne ke kawo ruwan nono, Rifkatu kuwa ta bar su da bakinsu, ta san kununta ne.

A kwana na uku ta auna yaron a ɓoye, allurar sikeli ba ta motsa ba. Tsoro ya kama ta sosai. Ta shiga ɗakinta ta durƙusa ta ce wa Ubangiji in girman kanta ne ya jawo, a hukunta ta ita, a bar wa yarinyar nan ɗanta. Daga nan ta mayar da sikelin asibiti, ta ce ba za ta sake aunawa ba sai ranar. Abin da ta riƙe kawai shi ne kukan yaron ya fara ƙarfi, tsummokin da take shanyawa a baranda kuma kullum ƙaruwa suke yi.

Ranar ta goma Sun-hi ta iso tun kafin lokacin da aka sa, sikeli a hannu ɗaya, tukunya a naɗe da tawul a ɗayan. Ta ce miyar ganyen teku ce, a ƙasarsu ita uwa ke dafa wa 'yarta in ta haihu, kuma ko me sikeli ya ce mai jego sai ta ci. Rifkatu ta leƙa tukunyar ta ga wani abu baƙi-baƙi mai santsi, ta ce a ranta ko karkashi ya fi wannan kyan gani, a fili kuwa ta yi godiya.

Sai ta sa yatsa a baki, ta nuna wa Sun-hi ta cire takalmi, ta ja ta har bakin ɗakin baƙi. Ƙofar ba ta rufu duka ba. Yau kaɗai Rifkatu ta karya dokarta, ba ta ƙwanƙwasa ba. Malaz na zaune a tsakiyar gado, ta gama shayarwa, ta kwantar da yaron a cinyarta. Tana kama 'yan yatsun ƙafarsa ɗaya bayan ɗaya tana sumbata, tana yi masa wata magana ƙasa-ƙasa da ba Hausa ba ba Larabci ba, tana dariya har haƙoranta a waje. Sun-hi ba ta taɓa ganin haƙoran Malaz ba sai ranar.

Rifkatu ta yi gyaran murya. Kafin su tura ƙofar Malaz ta ajiye yaron a gefe, ta ja mayafi, ta juya fuska bango, ta koma sak matar da ke cikin rahoton.

Aka ɗora shi a sikeli yana ta wutsil-wutsil yana tsala kuka. Kilo uku da ɗigo ɗaya. Sun-hi ta sauke shi ta sake ɗorawa, don ita ba ta yarda da awo ɗaya, allurar ta koma inda take. Ta zaro rahoton daga jaka, ta ninke shi biyu, ta rubuta a bayansa cewa uwa da ɗa suna lafiya, ba a bukatar riƙo. Ta ce a taron Litinin za ta nemi a ƙara tambaya ɗaya a saman takardar, a riƙa tambayar mai jego ko tana da ɗakin da za ta rufe. Daɗi ya cika Rifkatu har ta rasa inda za ta sa kanta, ta ɗebo miyar ganyen tekun ta sha cokali biyu ba tare da an roƙe ta ba.

Suna falo Sun-hi na ɗaura takalmi, idonta ya kai kan hoton da ke kan kabad, irin wanda ke teburin asibiti, wani mutum mai gilashi da allo a bayansa. Ta tsaya da igiyar takalmin a hannu.

"Mama, wancan na Zariya. Shi ne na farinki?"

Rifkatu ta ce shi ne.

"Shekara shida ban taɓa jin kin kira sunansa ba. Na ɗauka kun ɓata. Kullum da safe ina sa ku a addu'a, Allah ya shirya tsakaninku."

Rifkatu ta yi dariya har ta dafa bango, sai kuma ta daina dariyar, don ba ta taɓa sanin akwai mai ɗauke da ita a addu'a haka ba. Ta ce, "Kada ki fasa, 'yata. Ki dai sauya roƙon, ki ce Allah ya ƙara masa lafiya." Sun-hi ta tambayi sunansa don ta riƙa faɗa daidai. Rifkatu ta ce ta duba fayil ɗinta na ofis, yana nan a rubuce a wajen magaji.

Da ta raka ta ta dawo, falon ba kowa. Ta ɗauki hoton, ta goge gilashin da bakin zanenta ko da yake ba ƙura a jiki, ta daɗe tana kallonsa, ta shafa goshinsa da babban yatsa. Motsi ta ji ta ɗago. Malaz ce tsaye a ƙofar ɗaki da kwanon miya a hannu, ta ga komai. Rifkatu ta yi maza ta mayar da hoton, ta hau gyara labulen da ba abin da ya same shi. Malaz ta sunkuyar da kai ta wuce kicin kamar ba ta ga kowa ba, ta kunna famfo da ƙarfi, ta bar mata falon.